Ido Ba Mudu Ba: Darasin Da Muka Ɗauko Daga Magazin

A wannan wata muna roƙon masu karatu su yi mana haƙuri, domin za mu ajiye alli mu ɗauki sifana. Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da kafiretar mota, alhali ko keke ba ya iya gyarawa? Gaskiyarsa. To amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya same mu a Suame Magazin a shekarar 2019 wanda har yau bai bar ranmu ba, kuma muna ganin ya shafi kowane gida a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line, tun da yake da wuya a sami gidan da ba shi da yaro ko ɗaya mai koyon aikin fita.

Magazin ba baƙon wuri ba ne ga mutumin Kumasi. Tun wajen shekarun 1930 masu gyaran mota da maƙera suka fara taruwa kusa da wani tsohon ma'ajin makamai na sojan Turawa, daga nan sunan ya samo asali, kuma ko da suka koma Suame sunan ya bi su. Iyayenmu sun ba mu labarin shekarun wahala, musamman 1983, lokacin da fari da gobarar daji da rashin kayan gyara suka haɗu wa ƙasar nan. A lokacin, in ƙarfe ya karye a cikin Bedford ko Peugeot, a Magazin ake ƙera wani. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ma ta ga muhimmancin wurin, har ta buɗe cibiyarta ta ITTU a can a 1980 don masu ilimin takarda su zauna kusa da masu ilimin hannu. Wannan zama na kusa da juna shi ne abin da mu a zango muka kasa yi a cikin gidajenmu.

A 2006 muna da wani yaro a aji biyu na JSS. Yaro ne mai ladabi, ba ya faɗa, ba ya sata, amma in aka zo lissafin ɓangare sai ka ce an rufe masa ido. Mun tuna ranar da muka rubuta 5/8 da 9/16 a allo muka ce ya faɗi wanda ya fi girma. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce 9/16, wai don tara ta fi biyar. Muka yi masa bulala a gaban 'yan uwansa, muka kuma faɗa masa wata magana wadda bai kamata ta fito daga bakin malami ba. Muka ce kansa ba na karatu ba ne, gara ubansa ya kai shi Magazin. Bai ƙarasa zangon karatun ba. Uban kuwa ya ɗauki shawararmu.

Shekara goma sha uku bayan haka, cikin dogon hutu, muna zaune ƙofar gida bayan la'asar sai ga wani magidanci da baƙin mai a farce, ya durƙusa ya gaishe mu. Sai da ya yi dariya muka gane shi. Ya zama masta, yana da rumfarsa da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ya ciro wasu takardu guda shida da aka buga masa daga intanet, ya ce, "Tica, wata mota ce ta gagare mu. Ga takardarta, amma Turancin ya fi ƙarfina. Ko za ka taimaka ka karanta mini?" Jama'a, kunyar da ta kama mu a wannan lokaci Allah kaɗai ya san iyakarta. Muka ce, "Masta, gobe da safe sai mu tafi tare."

Motar ta wani Alhaji ce, ɗan zango da ya daɗe a Bronx ta birnin New York, irin waɗanda muke ce wa boga. Da zai dawo gida sai ya sako tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya a jirgin ruwa, Chevrolet samfurin 1978, ya biya kuɗin fito mai yawa a Tema saboda tsufanta, don kawai yana ƙaunarta. Injin da ke cikinta shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙaramin bulok, mai silinda takwas. Kamfanin Chevrolet ya fara fitar da irinsa a 1955, kuma ya zuwa 2011 an ƙera guda miliyan 100 na zuriyarsa. Na Alhaji shi ne mai lamba 350, wato lita 5.7, wanda ya fara fitowa a 1967. Sunan ƙarami dai suna ne kawai, domin ya ninka injin tasi sau uku. A can Amurka wani ya cire kafiretar da motar ta zo da ita ya ɗora Holley mai maƙogwaro huɗu, irin ta masu son gudu, wadda asalin ƙirarta ta 1957 ce.

Ciwon motar iri biyu ne, kuma su ne suka rikita kowa. In tana tsaye tana silo, sai baƙin hayaƙi da warin fetur, fulogi su yi baƙi ƙirin, in ta yi zafi aka kashe ta kuwa sai an sha wahala kafin ta tashi. Wannan alamar mai ya yi yawa ke nan. Amma in aka hau babban titi aka taka totur don a wuce tirela, sai ta shaƙe, ta yi tari ta kafireta, ta ja baya. Wannan kuma alamar mai ya yi kaɗan. Alhaji ya ce saura ƙiris ya baƙunci lahira a hanyar Offinso, ya fito zai wuce wata tirela, motar ta mutu masa a hannu, ga wata na tahowa. Kafin ta zo hannun yaronmu rumfa uku ta shiga. An sake fulogi sau biyu, an sake kwayil, an wanke kafireta, wani ma ya ce a cire injin a sa na dizal a huta.

A nan sai mu ɗan koma aji, don wanda bai san cikin kafireta ba ya fahimci zancen. Inji ba ya cin fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Aikin kafireta ke nan. Iska tana bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. In ta zo wurin ƙuncin sai ta ƙara sauri, in ta ƙara sauri kuwa sai ƙarfin dannawarta ya ragu, sai ta zuƙo fetur daga wani ɗan bututu da ke leƙowa a wurin. Wani masani mai suna Bernoulli ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1738, mu ma mun sha koyar da ita a aji da takarda biyu da muke hura iska a tsakaninsu. Shi fetur ɗin yana jira ne a cikin wani ɗan kwano a gefen kafireta. A cikin kwanon akwai fulota, wato wani ɗan abu mai iyo, kamar ƙwallon nan da ke cikin tankin ruwa. In mai ya ƙaru ta taso ta tura wata allura ta toshe hanya, in ya ragu ta sauka allura ta buɗe. Tun 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya yi amfani da wannan dabara, kuma har aka daina sa kafireta a sababbin motoci ba a sami wadda ta fi ta ba.

To me ya sa tsayin man da ke cikin kwano ya zama abin damuwa? Ku dubi rijiya. Da damina ruwa yana kusa, yaro ma ya jefa guga ya cika tulu nan da nan. Da rani ruwa ya yi ƙasa, sai an ja igiya mai tsawo kafin a sami rabin guga. Ƙarfin mai ja bai sake ba, nisan ruwan ne ya sake. Haka iska take da fetur. In man ya yi sama a kwano, tana zuƙo shi da wuri kuma da yawa, har ya riƙa ɗiga ko ba a bukata. In ya yi ƙasa, sai ya makara kuma ya zo kaɗan. Tsakanin daidai da ɓarna bai wuce milimita biyu ko uku ba. Saboda haka duk wanda ya taɓa jet ko sukurun silo alhali fulota ba ta zauna daidai ba, yana gini ne a kan tubalin toka.

Da muka zauna a kan benci muka fara karanta takardar muna fassarawa, layi na uku ya warware mana rikicin. Ita wannan Holley kwano biyu gare ta, kowanne da fulotarsa. Na gaba yana ciyar da maƙogwaro biyu da ke aiki kullum, na baya kuwa yana ciyar da sauran biyun da ba sa buɗewa sai an taka totur sosai. Masta ya buga cinya ya ce, "Tica, tsaya! Ashe marasa lafiya biyu ne a gado ɗaya." Mu da muka karanta ba mu gane ba, shi da ya saurara ya riga ya gane.

Ga yadda aka yi aikin, mun rubuta shi filla-filla ko zai amfani wani. Da farko aka tura motar zuwa inda ƙasa ta daidaita, domin in mota ta karkace, man da ke cikin kwano ma ya karkace, awo ya zama ƙarya. Aka cire murfin iska, aka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin kwano, aka ajiye bokitin yashi kusa, aka kori wani mai shan taba. Sa'an nan aka tada inji aka bar shi yana silo. A gefen kowane kwano akwai wani sukurun tagulla wanda aka yi don leƙe. Takarda ta ce in an cire shi, man ya kamata ya tsaya daidai leɓen ramin na ƙasa, kada ya zubo da kansa, sai in an girgiza motar ya ɗan tsattsafo. Waɗansu sababbin Holley gilashi gare su a maimakon sukurun, a nan kuwa tsakiyar gilashin ake nema.

Masta ya kwance na gaba, sai fetur ya bulbulo kamar an fasa tulu. Aka yi maza aka kashe inji aka goge. Ya kwance na baya, ko ɗigo babu. Aka girgiza motar har mutum uku, shiru. Ya haska tocila, man yana can ƙasa. Daga baya muka ji cewa a wata rumfa an ga motar na shan mai, sai aka danne fulota don a rage mata ci, amma aka danne ta baya wadda ba ta da laifi, aka bar ta gaba.

A saman kowane kwano akwai sukuru mai kullewa, a ƙarƙashinsa kuma akwai noti. Muka karanta cewa notin na sifana 5/8 ne. Kafin mu rufe baki Masta ya ce wa yaronsa, "Kawo 16, ita ce ta yi kusa da 5/8. Kada ka kawo 14, wannan ta 9/16 ce, ta yi ƙanƙanta." Bai dube mu ba, mu ma ba mu dube shi ba. Ko ya tuna da ranar bulala ko bai tuna ba, ba mu tambaya ba. Amma mun san cewa tambayar da ya faɗi a 2006 ya amsa ta a gabanmu, da milimita ma a kai, ba tare da alli ba.

Ana sassauta sukurun sama kaɗan da sukundireba, a riƙe, sai a juya notin. In an juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, man ya sauka. In an juya shi baya, man ya hau. Ba a yi masa juyin ƙarfi, kashi ɗaya cikin shida na zagaye ya isa a kowane karo, wato gefe ɗaya na notin. Sai a ƙulle, a tada inji, a duba. Mun zaɓi mu riƙa kashe inji kafin a sassauta sukurun, domin in yana aiki fetur na fesowa ta wurin, ga kuwa inji da zafi. Wani abin lura kuma, in kana saukar da mai, allura ba ta iya kwashe wanda ya riga ya shiga kwano, dole a bar inji ya shanye shi tukuna kafin a sake leƙawa. Mai gaggawa a nan yake ɓata aiki, ya ga bai sauka ba ya ƙara juyi, ya wuce wuri.

Kwanon baya ya daidaita a karo na huɗu. Na gaba kuwa ya ƙi. A juya, a duba, mai na nan sama. Masta ya ce a kwance kwanon gaba ɗaya. Ya ciro fulotar, ta tagulla ce, ya kai ta kunne ya girgiza, ya miƙo mana. Muka ji ruwa na motsi a ciki. Ya aika aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya tsoma ta, sai ga ƙananan kumfa suna fitowa daga wani tsagu da ido ba ya gani. Fulotar ta sha mai ta yi nauyi, ba ta iya tasowa ta rufe allura. Wannan gwaji ba ya cikin takardarmu, a wurin mastansa ya koya. Ya tsiyaye man, ya bar ta ta bushe sarai a rana, ya like tsagun da ɗan dalma kaɗan don kada nauyinta ya sake, ya kuma gaya wa Alhaji ya sa a aiko masa da sabuwa. Takarda kuma ta ƙara mana abu ɗaya da shi bai sani ba, wato ƙarfin famfon mai kada ya wuce 5 zuwa 7 a awon da ake kira psi, in ya wuce zai rinjayi allura komai kyan fulota. Aka aro ma'auni aka gwada, aka tarar yana kan 6.

Da azahar aka fita gwaji hanyar Offinso, muna gaba, Alhaji na baya yana salati. Da Masta ya taka totur, maƙogwaron baya suka buɗe da wani irin gurnani, motar ta miƙe ba tari ba shaƙewa. Abin da aka kashe a ranar bai wuce kuɗin gasket da ruwan zafi ba.

Mai karatu zai ce, to mu da ba mu da Chevrolet fa? Gaskiya ne sababbin motoci injekta gare su da kwamfuta. A Amurka tun farkon shekarun 1990 aka daina sayar da sabuwar mota mai kafireta, masu tseren NASCAR ma sun bar ta a babban rukuninsu a 2012. Amma a zango kafireta na nan da ranta, a cikin babura, da yawancin pragya da aboboya, da injin feshi, da janareton da muka saya lokacin dumsor a 2015. Yawancinsu fulota ce da allura. Bambancin kawai, su ba su da noti a waje. Sai an buɗe kwano, a kifar da kafireta, a auna tsayin fulota da rula bisa ga milimitar da kamfani ya faɗa, in bai yi daidai ba a ɗan lanƙwasa harshen ƙarfen da ke taɓa allura. Kafiretar Edelbrock, kishiyar Holley, ita ma haka ake yi mata, awonta 7/16 na inci, kusan milimita 11. Tsofaffin Datsun da Toyota da yawa kuwa gilashi gare su da alama a jiki.

Muna jan kunnen direbobinmu da ke zuwa su ce wa fita ya danne musu fulota don mota ta rage shan mai. Inji mai yunwar fetur zafi yake yi, yana ƙona bawul, wani lokaci har ya huda fistin, sidi goman da aka tara a gidan mai a biya dubu a Magazin. Wanda ya bar mai ya yi yawa shi ma bai tsira ba, domin fetur na wanke bangon silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai, ga kuma haɗarin gobara. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mun yarda, amma a cikin kwanon kafireta kimar ido ba ta isa, sai an kawo mudun.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wannan. Rumfa uku sun kasa aikin, kuma ba don mutanen cikinsu ba su da basira ba, sai don ba wanda ya iya karanta shafi shida. Mu kuma da muka iya karantawa, da an bar mu da motar shekara guda ba za mu san a girgiza fulota a kunne ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gyaran ilimi na 1987 da ya kawo JSS ya yi nufin kowane yaro ya taɓa aikin hannu a makaranta, amma makarantu da yawa ba su sami ɗakin aiki ko kayan aiki ba, sai muka riƙa zana guduma a allo. Da a ce ranar nan ta 2006 mun shigo aji da sifana biyu muka ce yaron ya gwada su a kan noti, da ya gane 5/8 cikin minti ɗaya, da kuma watakila yau shi ke karanta takardarsa da kansa. Laifin namu ne, mun kuwa roƙe shi gafara kafin mu rabu. Ya ce, "Haba Tica, ai uba ba ya roƙon ɗa." Duk da haka mun roƙa.

Saboda haka muna kira ga iyaye, kada Magazin ta zama wurin da ake jefa yaron da aka fid da rai da shi. A bar shi ya gama JHS ya iya karatu da awo tukuna. Tun Satumbar 2017 karatun sakandare kyauta ne, har da makarantun sana'a irin su Kumasi Technical Institute, kuma motocin da ke shigowa yanzu sai da kwamfuta ake jin ciwonsu, wanda bai iya karatu ba zai zama ɗan kallo a rumfarsa. Muna kira ga mastoci su saki yaransu awa biyu a mako su koyi karatu. Mu malamai kuma mu rage bulala mu ƙara dabara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ko harshen fulota in aka matsa masa da ƙarfi karyewa yake yi.

A namu ɓangaren, tun daga hutun nan kowace Asabar bayan la'asar yaran Masta suna zuwa zauren gidanmu da rula da littafi, yanzu sun kai tara. Shi ma yakan zo ya zauna a baya, wai ya zo duba su ne. Duk mastan da ke son ya turo nasa, ƙofa a buɗe take, ba a biyan ko pesewa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya. Amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.